Surukina Ba Ya Cin Abin da Bai Ɓare Ba

A ofishinmu ni ake tambaya inda za a ci abinci a tsakiyar gari. In baƙo ya zo, ko wani zai fita da matarsa, sai a ce a je wurin Akawu, shi ya san kan gari. Ni kuwa sai in gyara zama in fara zuba: gasasshiyar kaza tana layin bankuna, kofi mai kyau yana ƙasan otal ɗin da ke kallon shataletale, in kuma hira kake so da lemo mai sanyi da iska, ka hau rufin tsohon gidan sinima. Kifi kuwa ba a magana, sai gidan gilashi, hawa na tara. Haka nake faɗa har da lumshe ido. Yanzu in na tuna, miyau ke taruwa a bakina, ba na kwaɗayi ba, irin wanda ke zuwa kafin amai.

Wanda ya tuɓe ni daga wannan sarauta surukina ne, mahaifin matata. Gyaran firij da firiza yake yi. Shekara ashirin da takwas yana zagaya gidajen abincin tsakiyar gari a kan wani tsohon babur, tukunyar gas ɗaure a baya, jakar kayan aiki rataye a kafaɗa. Gajere ne kakkaura, ba ya son surutu, yatsunsa duk sun tsattsage saboda sanyi. Masu girki da masu gadi da masu wanke-wanke suna ce masa Ƙanƙara, sunan kuwa ya bi shi har gida.

Duk wuraren da nake yabo ya san su, sai dai ni ta ƙofar gaba na san su, shi ta baya. Akwai wani siririn lungu da ya ratsa bayan manyan gine-ginen nan, inda ake jibge shara, ruwan kwata yana malala kore shar, man suya da aka zubar ya daskare a bango. Nan ne ofishinsa. Ta nan yake shiga, ya durƙusa bayan inji, ya zura hannu inda kyankyasai ke kwana don ɗumin injin, ya gama ya wanke hannu ya fito. Duk abin da ya gani a ciki, a nan yake barinsa. Ko matarsa, wadda muke kira Mama, ba ta taɓa jin ya ambaci sunan wani gidan abinci da kyau ko da sharri ba. In an matsa masa sai ya ce, "Ni inji aka kira ni in duba."

Ba don kawaici kaɗai ba ne. Masu gidajen nan duk sun san juna, su suke miƙa wa juna lambarsa. Kalma ɗaya ta fita daga bakinsa, wayarsa ta mutu. Da wannan shirun ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya sa su makaranta, ya aurar da su.

Abu ɗaya ne ke tona shi, ni kuma don wauta ban gane ba. In yana cikin gari ba ya cin komai sai abin da ya ɓare da hannunsa. Ayaba, lemo, gyaɗa, dafaffen ƙwai da Mama ta ƙunsa masa tun safe. Ko kuku ya zubo masa faranti kyauta, sai ya yi godiya ya ce ya ƙoshi. Ni na ɗauka rowa ce da ƙauyanci. Har tsokanar matata nake yi, in ce babanki da birai za su yi zaɓe da shi za su zaɓa. Ta harare ni ta ce in kiyayi kaina.

Sau ɗaya ya ɗan buɗe min ido ban farga ba. Ya zo gidanmu firij ɗinmu na ƙara, ya buɗe saman ya leƙa, ya dubi 'yarsa ya ce, "Auta, naman nan sau biyu ya narke kika mayar. Zubar da shi." Ta rantse ba ta gaya masa ba. Ya nuna mana ƙasan firizar da ɗan yatsa. Ya ce ƙanƙara in fara ce tas, lafiya lau. In ta yi ja-ja a ƙasa, to nama ya narke ya zubar da jini ya sake daskarewa. In kuma hawa-hawa take, sai ka ƙirga, kowane hawa narkewa ɗaya ne. Na ce lallai Baba ilimi ya yi, na koma kallon ƙwallo.

Shekara huɗu da aurenmu kafin Auta ta samu ciki. Wanda ya yi irin wannan jiran ya san yadda muke tafiya da cikin nan kamar muna ɗauke da tiren ƙwai. A wata na shida kwaɗayin kifi ya taso mata, ta kwana da shi ta tashi da shi. Ni kuma na ga dama ta samu da zan nuna wa surukaina cewa 'yarsu ba a hannun banza take ba. Na ce ranar Asabar su shirya da rana zan fitar da su, ban faɗi ina ba, wai ni mai ba-zata.

Baba ya sa fararen kayansa na zuwa biki. A mota yana ta yi wa Mama ba'a a kan turarenta, har muka shiga layin bankuna na karya kwana zuwa gidan gilashi. A bakin ƙofa mai gadi ya tare shi da dariya.

"Ƙanƙara, yau kuma ta nan? Ta baya mana."

Sai ya lura da kayan jikinsa da mu da ke bayansa, ya ja da baya yana sosa ƙeya. Mama ta ce ashe an san ka a nan. Ya ce, "An san ni." Muka shiga lifta ta kai mu sama.

Wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Fararen mayafan tebur, sanyi mai daɗi, kiɗa ƙasa-ƙasa, gari shimfiɗe a ƙasanka ta gilashi. Ni sai hura hanci nake ina nuna wa Mama ginin ofishinmu daga nesa. Baba ko buɗe takardar abincin bai yi ba. Ya ce a kawo masa ruwan roba a rufe, shi zai buɗe.

"Auta," ya ce a hankali, "ki ci burodi da shayi mana. Kifi da rana nauyi gare shi."

"Haba Baba! Sati biyu ina mafarkin kifin nan, ka ce burodi?"

"To kaza."

"Kifi nake so."

Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata tsohon nan zai ɓata min rana da ƙauyancinsa. Na ɗaga murya na ce a kawo babban kifi na gidan, irin wanda na saba. Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi a cikin wannan sanyin. Yana ta juya murfin robar ruwa a hannunsa, yana kallon ƙofar kicin, yana kallon cikin 'yarsa.

Aka kawo kifin. Ya sha kayan yaji har ba ka ganin fatarsa, an jera masa yankakken lemon tsami da albasa, yana tururi. Auta ta ɗauki cokali mai yatsu tana murmushi. Baba ya miƙa hannun nan nasa mai tsattsage ya rufe farantin.

Kafin wani ya yi magana, manajan wurin ya iso, wani dogo mai kwat da ƙamshi. Ashe tun shigowarmu ya hango shi. Ya sunkuyo daf da kunnen Baba, amma ina kusa, na ji komai.

"Haba Ƙanƙara, ai sai ka ce iyalinka ne. 'Yarka ce? Masha Allah." Ya yafito mai kawo abinci ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Kwashe wannan. Ka ce wa kuku na yau za a yi musu, ba na babbar firiza ba."

Ya faɗe shi cikin sauƙi, kamar mai cewa a canza cokali. Ashe a gidan nan kifi iri biyu ne, akwai na waɗanda aka sani, akwai na sauran jama'a. Ni da nake zuwa kusan duk wata, nake turo musu mutane, a cikin sauran jama'a nake.

Magana ta ƙare ke nan. An ɗauke farantin, 'yarsa ta tsira, ba wanda ya ji, aikinsa na nan. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya buɗe ruwansa zai sha, sai idonsa ya faɗa kan teburin da ke gefenmu.

Wata mata ce da 'yarta, yarinya ba za ta wuce shekara huɗu ba, an ɗaure mata gashi da jan ribom. Irin kifinmu ne a gabansu. Uwar ta ɓalli tsoka, ta murtsuke ta da yatsu tana laluben ƙaya, ta hura mata, ta nufi bakin yarinyar. Yarinyar ta wangale baki tana jira.

Manajan ya ga inda yake kallo. Ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Zauna, Baba. Naku na zuwa."

Baba ya ajiye robar ya miƙe.

"Baiwar Allah, kada ki ba ta."

Matar ta tsaya da hannu a sama. Ban taɓa jin muryar surukina da ƙarfi haka ba. Ya ce shi mai gyaran firizar gidan nan ne. Ya ce ranar Laraba aka kira shi, babbar firiza ta lalace. Ya ce da ya buɗe sai da ya koma lungu ya tofar, don wari. Ƙanƙarar ƙasa hawa biyar ya ƙirga, ja har da baƙi-baƙi. Kifin cikinsa ya yi laushi yana rabuwa da ƙashi, idanunsa sun lotsa. Ya gaya wa manaja a zubar, manaja ya ce yaji zai rufe. Yana kwance bayan inji yana jin kuku na wanke kifin nan da ruwan tsami a bahon da ake jiƙa tsumman goge ƙasa.

Kiɗan nan na ta yi, shi kaɗai. Sai ƙarar cokula ana ajiyewa. Matar ta yar da abin da ke hannunta, ta zura yatsa a bakin yarinyar tana ƙwaƙulo lomar da ta riga ta ba ta, yarinyar ta fashe da kuka. Wani mai ƙiba a can ƙurya ya toshe baki da tsumma ya ruga bayan gida. Ni kuwa lissafi nake, ranar Alhamis na kawo abokan aikina uku nan, na cinye nawa har na tsotsi kai. Auta ta riƙe cikinta da hannu biyu, Mama na ta salati.

Manajan bai yi ihu ba. Murmushinsa ma bai gama gogewa ba. Ya ce, "Ƙanƙara, ka gama aiki a garin nan."

Baba ya ce, "Na sani."

Da muka sauko bai bi mu ƙofar gaba ba sai da Mama ta jawo hannun rigarsa, ƙafarsa ta riga ta juya ta nufi lungu.

Abin da ya biyo baya ya fi kifin ba ni ƙyama. Duba-gari suka zo, aka rufe gidan kwana goma, aka yi sabon fenti, aka buɗe. Yau in ka je Asabar da rana sai ka jira tebur. Wayar Baba kuwa ta yi tsit. Mai kazar layin bankuna, masu kofi, masu rufin sinima, mutanen da ya tashi cikin ruwan sama ya je ya ceto musu kaya, ba wanda ya sake nemansa. Wani ma da suka haɗu a hanya tsallakawa ya yi ɗaya gefen. Yanzu firij ɗin maƙwabta yake gyarawa a ƙofar gida, in an samu. Ya sayar da tukunyar gas ɗaya. A ofis har yanzu sabbin ma'aikata kan zo su ce an ce ni na san inda ake cin abinci, sai in buɗe aljihun tebur in miƙa musu ayaba, su tafi suna cewa Akawu ya fara taɓuwa.

Auta ta haihu lafiya, mace. Wata ranar Lahadi muka kai masa ita. Yana zaune a kan benci, wani ƙaramin firij kwance a gabansa ya cire masa baya. Ya goge hannu ya karɓi jikarsa. Ya rame, idanunsa sun faɗa, Mama ta ce min ba ya samun barci. Abin ya tsaya min a rai, don ni na ja shi wurin nan da iyayina da son a sani. Na durƙusa gefensa na ce ya yafe min, na ce da na tambaye shi tun farko da yanzu yana kan aikinsa.

Ya daɗe yana kallon bakin jaririyar, tana ta motsa shi tana neman abin ci.

"Akawu," ya ce, "ba ranar da na yi magana ce ke hana ni barci ba. Sauran ranakun ne. Duk teburin da ke gidajen nan, 'yar wani ce a zaune."

Ya miƙa wa Auta yarinyar, ya jawo jakarsa, ya koma bayan firij ɗin.