Yadda Dauda Ya Ƙwace Mini Kujerar Makka

Dauda ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun yana yaro ba wanda ya taɓa ganin ƙashin wuyansa. A unguwar Amriguébé muka tashi, a hannun Goggo Zaliha, ƙanwar babanmu, wadda ta riƙe mu bayan rasuwar iyayenmu. Da ya girma ya kama fawa a unguwar Farcha, can nesa da mu, sai ƙibar ta samu gindin zama. Kayan ciki da safe, kitse da rana, shayi kuwa sai ya zuba sukari kamar na banza. Masu klando, wato 'yan acaɓa, in suka hango shi kawar da kai suke yi, kowa na tausayin babur ɗinsa. Ni ma ba siriri ba ne, amma in na tsaya kusa da shi sai in ji ni garau.

Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano zai je Makka, tafiyar ta ƙare masa a nan garin. Abin ya daɗe yana cin Goggo a rai. Bara waccan ta sayar da filinta na unguwar Atrone, ta ce za ta sauke farali, kuma ɗayanmu zai raka ta. Sharaɗinta ɗaya ne: tana son wanda zai riƙe hannunta a ɗawafi, ya kai ta jifa ya dawo da ita, ba wanda ita za ta tsaya jira ba. To, ni ne babba. Har maƙwabta sun fara ba ni sautun tsaraba.

Sai Dauda ya tsiri tafiya Farcha da ƙafa bayan sallar asuba. Na yi dariya har da hawaye. Satin farko ko rabin hanya bai kai ba, ya dawo cinyoyi duk sun saluɓe. Amma bawan Allahn nan bai fasa ba. Ya yanke sukari, ya rage tuwo, ya koma kifi da ganye. Mahauci guda, yana cin ganye kamar akuya!

Wata shida, tumbin ya fara zubewa. Wata goma, mutane suna tare ni a kasuwa suna cewa Malam Dauda ya koma saurayi. Wallahi raina ɓaci yake yi. Ba zan ɓoye ba, ni na riƙa raɗa wa mutane cewa anya ba ciwo ba ne. Har balangu mai maiƙo na saya na kai masa gida da gangan. Ya yi godiya, ya miƙa wa matarsa.

Wata Juma'a Goggo ta ce mu raka ta masallaci da ƙafa, ba ta son mota. Rana ta take. Ba mu yi nisa ba numfashina ya fara sama-sama. Na tsuguna gindin wata darbejiya, na ce takalmina ne ya tsinke. Goggo ta dubi takalmin, lafiyarsa lau, sannan ta dube ni.

"Ja'afar, zauna ka huta," in ji ta. "Dauda, riƙe ni mu tafi."

Ba ta sake tayar da zancen ba. Fasfo ɗinsa kawai na ji an karɓa.

Ana gobe za su tashi, Dauda ya shigo gidana da ƙullin kaya a kafaɗa. Da gatse ya zo yi da na ji sauƙi, don da na samu abin faɗa. Amma a ladabce ya durƙusa ya ajiye.

"Yaya, tsofaffin rigunana ne. Sun yi mini yawa yanzu, kada su lalace a akwati."

Na ce masa ya kai wa mabuƙata, ni ban kai can ba. Ya bar su ya fita. Da na tabbata ya yi nisa, na rufe ƙofa, na zaro wata shuɗiyar shadda na zura. Ta zauna mini cif, kamar ni tela ya auna.