Ƙoshin da Yaya ta baro a daji

Da kaka 'yan bindiga suka ɗauke yayata a gonar masararmu ta Kakangi, ba ta dawo ba sai da ruwan shuka ya sauka. Ta dawo kamar tsinke, zani sau biyu yake zagaye ta. Ta ce tafi ɗaya na dafaffen wake ake ba su a wuni, wata rana ma babu.

Muka taso muka koma cikin garin Birnin Gwari, ni kuma na ɗaura ɗamarar mayar mata da jikinta. Tuwo malmala uku, fura da nono, wainar maƙwabta, duk a gabanta suke ƙarewa. A wurinmu ƙiba shaidar kwanciyar hankali ce. Mata masu zuwa barka sai su kama damtsenta suna dariya: "Masha Allah, Hajiya, jiki ya dawo har da riba!" Ni kuwa sai in ji kaina ya kumbura, wai aikina ne.

Ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba. Na lura da haka sarai, na kau da kai, don ina jin daɗin ganin kwano a suɗe. Cikin shekara uku ta kai ba ta iya sujada sai a kan kujera. Ga ciwon suga, ga hawan jini.

Wata likita a Kaduna ce ta zaunar da mu. Ta ce kitsen jiki yana aika wani sinadari ta cikin jini zuwa ƙwaƙwalwa, ya shaida mata ajiya ta isa, a rage ci. Doguwar yunwa takan bar ƙwaƙwalwa a tsorace, idan ƙiba ta yi yawa kuma, saƙon yana zuwa amma ba a jin sa. Na fusata, na ce to mu bar ta da yunwa kenan, bayan abin da ta gani?

Yaya ta dafa gwiwata. "Bar ta, ƙanwata, gaskiya ta faɗa. Cikina yana cika, ina jin sa. Kaina ne har yau yake can."

Na rage mata tuwo na sati biyu. Ran da na tarar da ita tsugune a bayan murhu da rana tsaka, tana kankare tukunya tana waiwaye, na kasa. Na koma malmala uku, kuma na san abin da nake yi.

Bayan rasuwarta ni na ninke kayanta don a raba. Kowane zani na ɗaga, akwai ƙulli a bakinsa, a ciki ɗan ƙanzo ne busasshe. Har zanin Sallah da na saya mata. Na zauna ina kwancewa ɗaya bayan ɗaya, ina jin haushin masu barka, ina jin haushin kaina fiye da nasu.

Ƙanzon yana nan a cikin gwangwani a ɗakina, na kasa zubarwa. Har yau in na kwashe tuwo, sai in tsinci hannuna ya kai malmala ta uku kafin in tuna babu mai ci.