Na Goge Sunan Alhaji Ali a Gaban Jama'a

Jama'a, yau layi ɗaya na Python, yaren ba kwamfuta umarni, ya kunyata ni a Ƙofar Kibo!

Yau ake walimar saukar Alƙur'ani ta ajin dattawa a Islamiyyar Kawu. Ni ya ba aikin takardun shaida. Ya ce, "A gaban Alƙur'ani kowa ɗalibi ne, ka cire Alhaji da Malam daga sunayen."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na sa umarnin lstrip ya goge su daga farkon sunayen, na buga, na zuba a ambulan. Wallahi ko dubawa ban yi ba!

Ashe lstrip ba kalma yake cirewa ba. Duk harafin da ke cikin kalmar yake bi yana cinyewa, har sai ya ci karo da baƙon harafi!

An cika maƙil. Kawu ya buɗe ta farko, ya gyara tabarau. "Wane ne Usa?"

Malam Musa ne!

Ta biyu, "Yu." Alhaji Aliyu kenan. Aka fara ƙus-ƙus. Na laluba aljihu, ba laptop, ba firinta, ba hanyar fita.

Ta uku Kawu ya juya ta gaba da baya. Wurin suna fari fat!

Alhaji Ali, dattijon da ya fi kowa daɗewa a ajin, ya taso da sandarsa ya karɓa. Ya kalle ni ya ce, "Ɗana, Alhajin aka ce ka cire. Ni me na yi maka?"