Alhaji Muhammadu Lawal, Wanda Aka Aiko Ya Duba Aikinmu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 15 ga Mayu, 1984, ina cikin ɗaura wa wata yarinya takalmin ƙarfe, Sama'ilu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini mahaifinsa, Alhaji Muhammadu Lawal, ya cika da hantsi a gidansa na Kazaure, bayan doguwar jinya.

Ni ce Dinatu Manasseh, ma'aikaciyar jinya a sashen da ke koya wa yaran da shan inna ya taɓa tafiya, da waɗanda bakinsu bai buɗe da wuri ba. Alhaji, ba ɗan'uwana ba ne kai, addininmu ma ba ɗaya ba, amma Baba nake kiranka, kuma ba ka taɓa ƙin amsawa ba.

Da tsoro na fara saninka. Bara waccan, lokacin da kuɗin mai ya ja baya gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka naɗa ka shugaban kwamitin da zai duba abin da irin sashenmu ke ci da abin da yake haifarwa. Kowa a garin ya fassara mana wannan da rufewa. Iyaye suka fara tambayata ko su kwashe 'ya'yansu tun kafin a kore su.

Ranar da kuka zo, mun share ofis mun jera muku kujeru. Ka leƙa, ka wuce, ka tuɓe takalmi ka zauna a tabarma inda mata suke. Akwai wata mai suna Uwa, mutuniyar Gwiwa, wadda ta kwashe damina guda a ɗakin kwanan masu jinya na sashenmu tana jinyar 'yarta Abu. Ka tambaye ta me ya fi damunta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar yarinya tana samun sauƙi. Gidana ne yake lalacewa. Na bar ƙannenta a hannun tsohuwa, gyaɗata kuma ciyawa ta cinye."

Washegari ka sa aka kai ka Gwiwa, daga can ka bi Roni da ƙauyukan Babura. Ka dawo ka gaya mini cewa yaran da ka gani suna jan gindi a tsakar gida sun ninka waɗanda ke hannunmu, domin ba kowace uwa ce za ta iya barin gida ta tare a Kazaure ba.

Ba zan ce ka shafa mana mai ba. Ka ba da shawara a rufe ɗakin kwanan, a sayar da motar da ta fi daɗewa a wurin makaniki fiye da kan hanya, a saya mana babur biyu mu riƙa bin yaran zuwa ƙananan asibitocin garuruwansu, mu koya wa iyaye mata gashi da motsa gaɓoɓi. Takalman ƙarfen da ake jira daga ƙasar waje har ƙafar yaro ta fi ƙarfinsu, ka kai wa Daudu maƙeri ɗaya daga cikinsu, ya haɗa kai da baduku suka fitar da irinsa. Mai dafa mana abinci ta rasa aikinta, kuma kai da kanka ka je ka gaya mata, ba ka aika kowa ba. Mun yi musu da kai a kan gadajen. Har yau ina ganin da an bar mana ko biyu ne saboda masu zuwa daga nesa, kuma ka san ban janye ba. Amma da wasu a kwamitin suka ce a soke sashen gaba ɗaya a huta, ka ce ba da hannunka ba. An turo ka ka rage ɓarna ne, ba ka rage yara ba.

Daga nan sai shiru. Gwamnati ta sauya, ciwo ya kwantar da kai, mu kuma muna aiki ba mu san gobenmu ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai in ɗauka takardar rufe mu aka kawo.

Makon jiya hukunci ya fito: sashen ya tsira, kuma shawararka za a bi. Na tafi gidanka da sauri har na manta mayafina. Na same ka ka rame, maiɗakinka Hajja Kaka tana yi maka fifita. Da na gaya maka, ka lumshe ido ka daɗe, sannan ka ce, "Alhamdu lillahi. 'Yata, yaushe za ku fara fita?"

Na ce, "Mako mai zuwa, Baba."

Ka ce, "To, ko me ya faru, kada a ɗaga."

Na yi kuka da na ji rasuwarka, amma zuciyata a sanyaye take. Ka ji labarin da kunnenka, kuma ka huta da ciwon da ya hana ka ko juyawa. Hajja, ki yafe mini, ranar sadakar uku ba za ki gan ni ba. Ina Roni, an riga an gaya wa iyaye su kawo yara.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Hajja Kaka da Sama'ilu da sauran iyali haƙurin wannan rashi. Mu da muka rage, Ya ba mu ikon riƙe abin da ka bar mana. Amin.