Kawu Sahabi a Benen 'Yar Italiya

Duk wanda ya taɓa haɗa kwano da Kawu Sahabi ya san ba ya kai loma baki sai ya fiddo albasarsa. Ba ta gidan da aka gayyace shi ba, tasa, ta gonarsa ta Aliero, daga aljihu, haɗe da 'yar wuƙarsa mai ƙotar ƙaho. Ai wasunku na wurin ranar walimar nan ta Maiyama. Mai gida ya ce, "Haba Sahabi, miyag ga da albasa cikinta!" Kawu ya ci gaba da yanka abinsa, ya ce, "Na gane ta. Ɗaliba ce, ga malamarta na kawo."

Taurin kai kuwa, sai dai a yi shiru. Da gwiwarsa ta kumbura, likita a Jega ya hana shi tafiya wata guda. Washegari sai ga shi tsakiyar gona bisa jaki. Aka ce, "Kawu, ba an hana ka ba?" Ya ce, "Tahiya anka hana ni. Jaki na ka tahiya, ni zamne nike."

Amma wanda ba ku sani ba shi ne abin da ya yi mini a Abuja. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma lokacin ina kai kayan miya gidajen abinci, sana'ar tana neman mutuwa a hannuna. Sai wata dattijuwar Baturiya, 'yar Italiya, mai gidan abinci a saman wata kasuwar kayan gwari, ta ce in zo mu ci abincin rana mu yi maganar albasar Kawu da nake son in riƙa kai mata. In ta karɓe ni, na tsaya da ƙafafuna. In ta ƙi, sai dai in tattara in dawo gida. Kuskuren da na yi, na gaya wa Kawu a waya. Kwana biyu sai ga shi ya sauko daga gaban motar albasa.

Muka ratsa kasuwar, tsakanin masu tattasai da masu kifi, har gindin matakala. Na dubi tsawonta, na dubi gwiwarsa.

"Kawu, ka jira ni nan ƙasa mana."

"Albasata za a yi ma aure bisa bene, ni in zamna ƙasa? Kauce!"

"To don Allah ba ni ta aljihunka. Nan ba a shiga da abinci."

Ya miƙo mini ita ba gardama. Da ina da wayo, da tun nan na san akwai magana. Ya hau, taku ɗaya hutu ɗaya, gumi na zuba, na kai hannu in tallafe shi ya buge.

Matar ta tarbe mu da fara'a, ta ce babu alade babu giya a abin da za ta kawo mana. Kawu ya ce madalla, ya naɗe hannun riga. Aka kawo faranti kamar na ƙarƙashin kofin shayi, da yankan gasasshen burodi ɗaya da tumatir a kai. Aka kawo wani da 'ya'yan zaitun huɗu. Aka kawo na uku da ƙwallon nama biyu, kowanne bai fi ƙwan zabuwa ba. Kawu ya share su cikin ƙiftawar ido, ya gyara zama.

"Bala, hwaɗa mata ɗanɗano ya yi, gishiri daidai. Ta zubo abincin."

Na raɗa masa, "Kawu, ai shi ne abincin. Haka suke ci a garinsu, kaɗan-kaɗan, iri-iri."

Ya juya farantin ya duba ƙasansa. "Gobara sunka yi, kwanoninsu sunka ƙone?"

Sai aka kawo wasu ƙananan kifaye da soyayyar albasa mai tsami-tsami a kansu. Nan fuskarsa ta canza. Ya tauna a hankali, ya ajiye cokali.

"Wagga an shayar da ita ruwa har ta mance sunanta. Kuma ba ta ƙosa ba anka cire ta."

Matar ta tambaye ni me ya ce. Na ce da Turanci, "Ya ce da daɗi sosai." Ta yi murmushi. Kawu bai san Turanci ko na sisi ba, amma ya harare ni.

"Ƙarya kay yi. Maganata ba ta murmushi ba ce."

Kafin in buɗe baki ya cire hularsa. Jama'a, albasa ce a ciki! Ja, mai sheƙi, tun daga ƙasa tana zaune bisa kansa. Ya yanka a gaban manyan mutane masu kwat, ƙamshinta ya cika wurin. Ni dai na sunkuyar da kai ina tunanin motar da zan hau zuwa gida.

Matar ta karɓi yanki, ta shinshina, ta tauna ɗanye. Hawaye ya zubo mata, tana dariya. Ta kwashe sauran ta shige kicin, ta sake yin kifin da hannunta. Kawu ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai.

"Yanzu kifin ya san inda shike."

Nan take ta ce ta karɓa. Na fara godiya, sai Kawu ya ɗaga hannu. "Ba ni saidawa sai na ga inda za ta kwana." Wayyo ni! Haka muka bi matar har ma'ajiyarta. Ya tarar da albasa ƙulle cikin leda a ɗakin sanyi, ya yi salati kamar ya ga gawa. Bai bar wurin ba sai da aka fiddo ta aka baza bisa katako inda iska ke ratsawa. Yana faɗa, ina fassarawa, tana rubutawa.

Da muka sauko, ya ce, "To, mun wanke baki. Ina aka saida tuwo nan?" Malmala biyu ya tashi da su.

Da ya koma gida abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga kasuwar Jega ya sayi manyan kwanonin samira, ya sa a lodin albasa na farko, wai a kai wa baiwar Allah. Matar ta ji daɗinsu ƙwarai, ta rataye su jikin bango don ado. Na gaya masa. Sai ya ce, "Allah sarki. Har yanzu ba ta samu abin zubawa ba."

Bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Kwana uku muna karɓar gaisuwa daga mutanen Fagada da Jiga Makera waɗanda ko sunansu ba mu sani ba. Wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce shekarar da ruwa ya cinye musu iri, Kawu ne ya bi su gona-gona da nasa, ya kuma sa suka yi alkawarin ba za su faɗa ba sai bayan ransa. Ni da nake ganin na san shi, ranar na fara jin wannan.

Allah Ya jiƙan Kawu Sahabi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.