Hajiya Uwaliya Gammo, Wadda Ta Kai Lugude Kan Ƙanƙara

Haihuwa da Asali

An haifi Hajiya Uwaliya a shekarar 1954 Miladiyya, da kaka ana tsakar girbin gero, a garin Gammo wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Kabo, yammacin Jihar Kano. Mahaifinta shi ne Malam Muhammad Nur, manomi kuma mai karantar da yara a zaurensa, mahaifiyarta kuwa Hauwa'u, 'yar mutanen Kara ce ta ƙasar Gwarzo. Sunan kakarta ta wajen uba aka mayar mata, saboda haka aka sakaya shi da Uwaliya, kuma da wannan suna duniya ta san ta har ta koma ga Mahaliccinta.

Karatu da Tasowa

Ta fara karatun allo a gaban mahaifinta tun tana ƙarama, ta kuma yi sauka kafin aurenta. Bokon zamani bai same ta a ƙuruciya ba, sai daga baya, a shekarar 1981, ta shiga ajin yaƙi da jahilci a Gwarzo, inda ta koyi karatu da rubutun Hausa gwargwadon buƙatarta.

Amma fa ilimin da ya fitar da sunanta, a bakin turmi ta same shi, wajen mahaifiyarta. Lugude, ga wanda bai taso ya tarar da shi ba, daka ne na mata biyu ko uku a turmi ɗaya, taɓare suna sauka bi da bi har ya zama kiɗa, gwanar cikinsu kuma takan cilla taɓaryarta sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke ta daidai gurbinta ba tare da kiɗan ya karye ba. Uwaliya ba ta kai shekara goma sha biyar ba aka sallama mata a Gammo. Duk gidan da ake biki ko suna, sai an aiko a roƙi Malam ya ba da aronta, domin idan ta tsaya a kan turmi, matan da suka zo da gajiya ma sai su nemi taɓarya.

Aure da Zuri'a

A shekarar 1972 aka ɗaura aurenta da Malam Ƙasim, tela a kasuwar Gwarzo, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana, wanda ita kanta takan ce Allah ne ya haɗa su don gidan kada ya yi shiru da yawa. Sun zauna shekaru arba'in da uku cikin rufin asiri. Ta riƙi sana'ar fura, ta taimaka wa mijinta wajen karatun 'ya'yansu, kuma ko da injin surfe ya shigo gari mata suka huta, ita ba ta jingine turminta ba. Sun sauke farali tare a shekarar 2012, sannan Allah ya karɓi ran Malam Ƙasim a shekarar 2015.

Babban ɗansu, Mahbub, ya karanta likitancin dabbobi a Zariya, ya tafi ƙaro ilimi ƙasar Kanada a shekarar 2006, aiki kuma ya zaunar da shi can tare da matarsa Naja'atu. A can aka haifi 'yarsu Kamila a shekarar 2009.

Zamanta a Kanada

A shekarar 2019, bayan doguwar magiya, Hajiya ta amince ta je ta zauna da su. Cikin kayanta har da ƙaramin turmin dakan yaji, domin ta ce ba za ta ci yajin inji ba ko a ina ne.

A can ta tarar jikarta ta duƙufa ga wani wasa da ba ta taɓa jin labarinsa ba. Ana sanya takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, a hau fili na daskararriyar ƙanƙara ana zamiya, ana juyi da tsalle bisa kiɗa, alƙalai suna zaune suna ba da maki, wani na tsalle, wani na yadda motsin ya dace da kiɗan. Kowace yarinya, da shawarar kociyarta, takan zaɓi kiɗan da za ta yi gasa da shi shekara guda cur. Kamila tana yin nata wasan ne da doguwar riga da wando da ɗankwali, bisa sharaɗin iyayenta. Ranar farko da aka kai Hajiya filin, an naɗe ta da barguna har ido kawai ake gani, abin da ta fara cewa shi ne mutum da hankalinsa bai kamata ya nemi santsi da kansa ba. Amma daga ranar ba a sake tafiya an bar ta a gida ba.

Matsalar Kamila tsalle ɗaya ce, wanda ake juyawa sau biyu da rabi a sama kafin a dira. A wurin koyo takan yi shi lafiya, amma ranar gasa, da kiɗan goge da fiyano na Turawa ya fara kumbura, sai ta yi gaggawa ta tashi kafin lokaci ta faɗi. A shekarar 2021 ta faɗi har ta yi targaɗe mai tsanani. Nan Mahbub ya yanke hukunci cewa gasar lardi ta shekara mai zuwa ita ce ta ƙarshe: idan ta sake faɗuwa, za a ajiye takalman har abada. Yarinyar ta daina cin abinci sosai, ta daina tsokanar kakarta, gidan ya yi tsit.

Zaɓen Kiɗa

Hajiya ba ta jin Turanci, amma ta daɗe tana sauraron kiɗan tana buga gwiwarta da yatsa. Wata rana da hantsi, suna kicin, ta dubi jikarta ta ce, “Ke Baturiya, ba ƙafarki ce da laifi ba. Kiɗan nan naki malala yake yi kamar kunu, ba shi da wurin da mutum zai saki abu ya cafe.”

Kamila ta ce, “Tsohuwa, ke da santsin banɗaki ma yake sa ki salati, me kika sani a tsalle?”

“Ni na yi shekara hamsin ina sa taɓarya tsalle, ba ta taɓa yin targaɗe ba. Miƙo min turmin nan.”

Ta fara daka a hankali, ta cilla 'yar taɓaryar, kicin ya yi shiru, ta tafa, ta cafe. Ta nuna mata cewa taɓarya ba ta tashi sai kiɗa ya buɗe mata gurbi, kuma ba ta sauka sai a kan bugu. Kamila ta ɗauki hoton bidiyo ta kai wa kociyarta. Kociyar, mace mai son gwada sabon abu, ta yi na'am, amma ta gindaya sharuɗɗan gasa: sautin ya fita tas, kada ya wuce lokacin da aka ƙayyade, kuma ya kasance yana da sashe mai nauyi da sashe mai sauri.

Aka buga waya ga Badi'a, 'yar Hajiya da take aure a Gammo, aka ce ta tara mata a ɗauko lugude na gaske. To, matan Gammo da suka ji Turawa ne za su saurara, sai suka ga abin na fita kunya ne. Suka yi anko, suka wanke turame tas, suka ce ba za a ji su cikin dusa da ƙaiƙayi ba, suka yi ta luguden turmi babu ko ƙwayar hatsi a ciki. Da saƙon ya iso, Hajiya ba ta saurari bugu goma ba ta sa aka kira Badi'a.

“Badi'a, turmin nan yunwa yake ji. Ina geron?”

“Inna, ai gani muka yi kada a ce mu ƙauyawa ne.”

“To da mu mutanen ina ne? Kun fara da gudu kun ƙare da gudu, kamar ana koran akuya. Ku bar shi, ina zuwa.”

Dalilinta kuwa shi ne, a surfe na gaske geron da aka yayyafa wa ruwa yakan riƙe taɓarya da farko, bugun ya fito da nauyi a hankali, sai dusa ta fara fita hannu ya yi sauƙi, kiɗan ya ɗauki sauri da kansa. Abin da kociya take nema ke nan, kuma turmin da babu komai ba zai ba da shi ba.

A hutun damina na shekarar 2022 ta zo gida tare da Kamila. Aka ɗauko mai ɗaukar sauti daga Kano, aka auno gero, Hajiya tana dab da cika shekara sittin da takwas ta ɗaura zani a ƙirji ta tsaya a kan turmi tsakanin Badi'a da wata tsohuwar ƙawarta. Ta kuma sa Kamila daka kullum har tafin hannunta ya yi kanta, tana cilla taɓarya, taɓaryar tana faɗuwa, matan gida suna dariya, har ranar da ta cafe. Da suka koma, kociyar ta yanka sautin daidai lokacin gasa, aka shimfiɗa busar sarewa a sashen farko, aka kuma jera kowane tsalle a kan shirun da taɓaryar Hajiya take sama.

Ranar Gasa

A watan Nuwamba na shekarar 2022 aka yi gasar lardi. Da bugun turmi ya fito daga lasifika, 'yan kallo suka kalli juna, domin ba su taɓa jin irinsa a wannan fili ba. Kamila ta fara zamiya a hankali bisa nauyin surfe, kiɗan ya ɗauki sauri, ta ɗauka tare da shi. Da aka zo wurin da ta saba faɗuwa, ba ta yi gaggawa ba, ta jira gurbinta. Kiɗan ya ɗauke, ta tashi, tafin kakarta ya fito tana sama, ta dira daidai kan bugu, ƙafarta ko girgiza ba ta yi ba. Hajiya ta yaye barguna ta miƙe ta rangaɗa guɗa irin ta Gammo, har wani mai gadi ya taho da gudu yana zaton wani abu ne ya same ta.

Kamila ce ta zo ta ɗaya a ajin shekarunta, kuma makinta na dacewa da kiɗa ya fi na kowa. A bakin fili Mahbub ya rusuna ya ce, “Hajiya, na janye maganata.” Ta ce da shi dama ba ta ɗauke ta da muhimmanci ba.

Daga nan kociyar ta mayar da ita abokiyar shawara. Takan kunna mata kiɗan da sauran yara suka zaɓa, Kamila tana fassara, Hajiya ta ɗaga yatsa inda ta ji gurbin tsalle, ko ta girgiza kai ta ce wannan kunu ne. Wasu yara biyu kuma ta zaɓar musu kiɗan ƙwarya, aka aiko da shi daga Kabo.

Ƙarshen Rayuwa

A ƙarshen shekarar 2023 ta ce sanyi ya ishe ta, ta dawo gidanta na Gwarzo, inda ta ci gaba da ibada da karɓar baƙi, tana nuna wa duk wanda ya shigo bidiyon gasar ko ya taɓa gani. Allah ya yi mata rasuwa ranar wata Alhamis cikin watan Sha'aban, wanda ya yi daidai da Fabrairun 2025, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara saba'in. Aka yi mata sutura, aka sallace ta bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar Gwarzo kusa da mijinta.

Ranar sadakar uku matan Gammo suka zo dakan gumba. Zaman makoki ne, babu tafi babu guɗa, amma waɗanda suke wurin sun shaida cewa duk inda ta saba cilla taɓarya, sai hannayen matan su dakata tare, ba wanda ya ce su yi, sannan su ci gaba.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Dakta Mahbub a Kanada, Badi'a a Gammo, Juwairiyya a Kabo, da Mudassir wanda ya gaji keken ɗinkin mahaifinsa a Gwarzo, da jikoki goma sha bakwai. Turminta yana wajen Badi'a, taɓaryar kuwa Kamila ce ta roƙa aka ba ta. Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa Aljanna ce makomarta.