Ranar da Kawu Ilu Ya Daina Jin Tsoro

Duk wanda ya zauna a Zaitawa ya san Kawu Ilu baduku ba ya fita daga gida sai da likkafaninsa. Farin yadi ne a naɗe cikin gafakar da ya ɗinka da hannunsa, yana rataye da ita ko da goro zai sayo a bakin titi. In aka tambaye shi sai ya ce mutuwa ba ta aiko da goron gayyata, kuma shi ba zai yarda ta riske shi a hanya a tsaya neman yadi ba. Ƙanin mahaifiyata ne, a gabansa na girma, saboda haka abin da zan faɗa muku gani na yi, ba ji ba.

Kun san yadda yake kulle shago. Zai ja kwaɗo sau bakwai, ya yi taku goma, ya dawo ya sake ja. Ba ya shiga adaidaita sahu sai ya leƙa fuskar direba ya tambaye shi ko yana da 'ya'ya. Wata rana za mu ɗaurin aure Koki, ya sallami direbobi huɗu muna tsaye cikin rana. Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Sabo, wanda ba shi da 'ya'ya ba shi da dalilin taka birki."

Rijiyar tsakar gidansa kuwa murfin ƙarfe ya sa aka yi mata, ya garƙame da kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa, wai kada jikoki su faɗa. Ran nan ya tafi Ƙofar Ruwa da makullin, bai dawo ba sai la'asar. Matarsa Inna Habi ta wuni tana aike maƙwabta da bokiti. Da ya shigo ta ce masa ita kaɗai ce a birnin nan mai rijiya a gida tana roƙon ruwa. Ya ce gara a zo mata da ruwa da a zo mata ta'aziyya.

Mun sha dariya, Allah ya yafe mana. Ba mu san cewa gabansa faɗuwa yake tun daga asuba har ya kwanta ba. Ni da kaina na sha yi masa rubutu, ya sha, ya ɗan samu sassauci, abin ya dawo. Sai da ya daina zuwa shago, ya daina cin tuwo, yana zama a zaure ya zuba wa bango ido, sannan muka gane wannan ba hali ba ne, ciwo ne.

Da ƙyar na kai shi asibiti, ɓangaren masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Ya ja rawani ya rufe har hanci don kada a ce ya haukace. Muna zama a benci sai ga wani dattijon unguwarmu a gefe, shi ma da rawani har hanci. Suka gaisa a mutunce. Kowannensu ya ce dubiya ya zo, kuma babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa wa yake dubawa.

Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ta ce ciwon damuwa ne da fargaba, kuma yana da magani. Ta ce akwai maganin da aka saba bayarwa, akwai kuma wani sabo da suke bincike a kansa, in ya yarda ya shiga. Za a raba marasa lafiya gida biyu: wasu a ba su maganin, wasu a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta. Sunan abin da kowa ya samu yana rufe a ambulan, ba a buɗewa sai an gama, ko in wani abu ya taso. Kawu ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Wato ke ma ba ki san wanda za ki ba ni ba?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya juyo gare ni ya ce tunda yake bai taɓa jin likita ya ce bai sani ba, wannan yarinya tana tsoron Allah. Ya sa hannu a takardar amincewa da ajami.

Matsala ta fara da takardar tambayoyi. Yaya barci? Alhamdulillahi. Yaya cin abinci? Alhamdulillahi. Gaba yana faɗuwa? Mun gode Allah. Likita ta ajiye biro ta ce takardarta ba ta da gurbin alhamdulillahi. Ya ce to a gyara takardar, don bawa ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin bawa. Sai ta ɗauko littafi ta ce kada ya faɗa mata komai, ya riƙa rubuta abin da ya ji kullum, rubutu ai ba ƙara ba ne. Ya yarda. To shi ajami kaɗai yake rubutawa, ita kuma ba ta karanta shi. Aka ɗora mini aikin juyawa zuwa boko duk ranar Alhamis. Kawu ya sa na yi alkawari cewa abin da na gani ba zai shiga kunnen Inna Habi ba.

A nan ne nawa laifin yake. Mu da muka tashi a gaban allo an koya mana in ka ga tawada ta zuba ka goge, in ka ga aibin babba ka rufe. Inda Kawu ya rubuta ya yi kuka a zaure, sai in juya cewa ransa ya ɗan sosu. Inda ya rubuta ya zama kaya a wuyan iyalinsa, sai in sa yana tunanin iyali. Yaya zan ɗauki hawayen kawuna in kai wa sa'ar 'yarsa? Mako biyar ina wannan gyara, ina ganin kirki nake yi.

A mako na shida sai Kawu ya sauya. Ya je shago ya raba basillarsa da wuƙaƙensa ga abokan sana'a, ya ja kwaɗo sau ɗaya ya tafi. Ya shiga adaidaita sahu bai ko kalli direba ba. Ya wanke likkafaninsa ya shanya a igiya. Ya cire kwaɗon rijiya. Inna Habi ta toya waina ta raba sadaka, tana gaya wa kowa maganin asibiti ya karɓe shi. Ni ma na ci wainar.

Ranar Alhamis bayan la'asar na buɗe littafin a ɗakina. Abin da ya fara ba ni tsoro hannunsa ne. Rubutun Kawu kullum rawa yake yi, amma na ran nan a miƙe yake kamar an ja da zare. Ya rubuta: "Yau ban ji tsoron komai ba. Na gama shawara. Habi za ta huta da ni." A ƙasa kuma ya ƙara layi ɗaya: "Sabo, kada ka juya wannan."

Na tuna likkafanin a igiya, na tuna rijiyar a buɗe. Ban san sanda na fita ba takalmi ba.

Na same shi a tsakar gida, zaune a tabarma kusa da rijiyar, carbi a hannu, fuskarsa a sake. Inna Habi tana cikin madafa tana 'yar waƙarta. Na zauna tsakaninsa da rijiyar. Na kira lambar wayar da likita ta rubuta mana a bayan takarda, na karanta mata shafin nan kalma bayan kalma, a gabansa, da ƙarfin da Inna Habi ta ji ta fito da ludayi a hannu. Sannan na gaya wa likitar abin da na yi wa sauran shafukan.

Kawu ya dube ni. Ya ce, "Ka ci amanata."

Na ce, "Na ci, Kawu."

Likita ta ce kada mu bar shi shi kaɗai ko na ƙiftawar ido, mu kawo shi yanzu. Muka kai shi asibiti, suka kwantar da shi, suka cire shi daga binciken, suka buɗe ambulan ɗinsa. Ni kuma likitar ta kira ni gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, da ka bar kukan yadda ya rubuta shi, da tun mako na biyu mun gani." Har yau in na ɗauki alƙalami sai na ji maganar nan.

Ashe ƙwayar da babu komai ce ta faɗo masa. Suka sa shi kan maganin da aka sani, ana kuma zama da shi ana magana. Sai da ya fara dawowa hayyacinsa aka gaya masa. Ya tafa hannu ya ce mako shida yana yi wa garin tuwo bisimilla! Ya nemi a ba shi ragowar ya kai wa kajin Habi, kada a yi asara. Likita ta ce doka ta hana. Ya ce ai kajin ma sai sun sa hannu.

Ranar da aka sallame shi muka tare adaidaita sahu a ƙofar asibiti. Kawu ya tsaya, ya sunkuya, ya leƙa fuskar direba ya ce, "Samari, kana da 'ya'ya?" Inna Habi ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka. Direban ya tsorata, ya rantse yana da uku.

Tsoron bai tafi duka ba, amma ya zama na ɗan'adam. Kwaɗon shago ya dawo sau uku. Rijiya aka mayar mata da murfinta, shi da kansa ya cire makullin daga wuyansa ya miƙa wa Inna Habi. Ni dai wata biyu bai amsa gaisuwata ba. Ran nan ina wucewa sai na ji daga zaure, "Kai, maci amana, zo mu ci tuwo." Da sunan nan ya kira ni har ƙarshen ransa, a gaban kowa, kuma bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Ya ƙara shekara tara, ya aurar da jikoki biyu. Bara zazzaɓi ya ɗauke shi da hantsi, a kan gadonsa, kansa a cinyata. Muka buɗe gafakar, yadin yana nan a naɗe, ba a tsaya neman komai ba.

Allah ka jiƙan bawanka Iliyasu. Ya ji tsoro da yawa a nan, ka amintar da shi a can. Ka saka wa waɗanda suka yi jinyarsa da alheri, ka ba masu irin ciwonsa bakin faɗa da kunnen da zai ji. Ni kuma ka yafe mini shafukan makonnin nan biyar da na gyara.